Gajeriyar Bindiga Da Jan Ɗigo: Abin Da Amurkawa Ke Rububi Da Inda Dokarsu Ta Gaza

A shagunan sayar da bindigogi na jihohi irin su Texas da Florida, mai saye kan tarar da bindigogi biyu rataye kusa da juna kamar an tsaga kara. Dukansu ƙirar AR-15 ne, harsashinsu iri ɗaya, gidan harsashin kowacce yana cin 30, bututun kowacce kuma bai wuce inci 10 da rabi ba. Ta farko tana da gindi na jinginawa a kafaɗa. Ta biyu tana da wata roba a wurin gindin, mai tsaga a ƙasa da maɗauri, wadda aka ce don a zura dantse a ɗaure aka yi ta.

A idon dokar tarayyar Amurka, ta farko gajeriyar bindigar kafaɗa ce. Kafin mutum ya mallake ta sai ya miƙa hotonsa da zanen yatsunsa ga ATF, hukumar da ke kula da barasa da taba da bindigogi, ya jira amincewa, sunansa ya shiga rajista. Idan zai tsallaka da ita wata jiha sai ya nemi izini. Wanda aka kama da ita ba rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10. Ta biyu kuwa fistol ce, wato bindigar hannu. Mai shekara 21 zai cike takarda, a bincika tarihinsa cikin 'yan mintuna, a jihohi da yawa ya ɗauki abinsa ya tafi gida a ranar.

Wannan bindiga ta biyu, da ɗan madubin saiti mai jan ɗigo da ake ɗora mata, na daga cikin kayan da suka fi tashe a kasuwar bindigogin Amurka cikin shekaru goma da suka wuce. Dalilan son ta na gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe su yadda suke. Sai dai kasancewarta a kasuwa a matsayin fistol shaida ce ta doka da ta maƙale a awon inci da sanya suna, ta bar tambayar da ta fi muhimmanci: me wannan bindigar za ta iya yi, kuma a ina za a iya ɓoye ta?

Tushen maganar yana shekarar 1934. Amurka ta fito daga zamanin haramcin giya, lokacin da gungun 'yan daba irin na Al Capone suka addabi Shikago. An yi kisan mutum bakwai a wani gareji na birnin a Fabrairun 1929. A 1933 wani ya harbi ayarin zaɓaɓɓen shugaba Franklin Roosevelt a Miami, harsashin ya sami magajin garin Shikago, Anton Cermak, wanda ya mutu daga baya. Gwamnatin Roosevelt ta kawo dokar bindigogi ta ƙasa, ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan bindigogi masu sarrafa kansu da masu gajeren bututu. Dala 200 a wancan lokacin ta haura dala 4,000 a kuɗin yau, don haka harajin kusan haramci ne.

Daftarin farko ya haɗa da fistol, domin ita ce makamin da ake ɓoyewa a aljihu. An sa gajerun bindigogin kafaɗa ne don kada wanda aka hana fistol ya ɗauki zarto ya datse doguwar bindiga ya mai da ita abin sakawa cikin riga. Matsin lambar masu goyon bayan riƙe bindiga ya sa aka cire fistol kafin dokar ta wuce, amma aka bar sashen gajerun bindigogin. Da farko iyakar inci 18 ce, a 1960 aka rage ta bindigar kafaɗa zuwa 16. Tun daga nan Amurka take zaune da doka mai tsanantawa a kan abin da ke tsakiya, alhali ta sassauta a kan dogo da kuma gajere ƙwarai.

Masu ƙera bindigogi sun ga ƙofar. Idan bindiga ta fito daga masana'anta ba gindin kafaɗa, doka na kallonta fistol ko da harsashin soja take ci. Matsalar ita ce irin wannan fistol tana da nauyi, ba ta riƙuwa da hannu ɗaya, don haka ta daɗe ba ta da kasuwa. A 2012 wani tsohon soja mai suna Alex Bosco ya ga abokinsa, shi ma tsohon soja mai nakasa, yana fama da irin wannan bindiga a filin koyon harbi. Ya ƙera masa matallafi na roba da ake ɗaurawa a dantse. Ya kai samfurin ga ATF, hukumar ta amsa a rubuce cewa sa shi ba ya mai da fistol bindigar kafaɗa. Kamfaninsa, SB Tactical, ya haɗa kai da SIG Sauer, kaya suka shiga kasuwa a 2013.

Ba a jima ba masu saye suka gane cewa robar tana zama daram a kafaɗa. Kamfanoni suka riƙa fitar da sababbin samfura, kowanne ya fi na baya kama da gindin bindiga, wasu har ana ja da su ana mayarwa daidai tsawon hannun mai harbi. ATF ta ƙiyasta an sayar da tsakanin miliyan 3 zuwa 7. Sashen bincike na Majalisar Dokokin Amurka ya kawo ƙiyasin miliyan 10 zuwa 40. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu kaɗai ta isa ta nuna cewa gwamnati ba ta san yawan abin da ke hannun jama'arta ba.

Me ya sa ake son ta? Wanda ya taɓa ƙoƙarin juyawa da dogon abu a cikin ɗan siririn lungun gida ya san amsar farko. Bindigar da ta gajarta da inci biyar ko shida tana shiga ƙofa ba ta karo, tana fita daga mota ba ta sarƙewa, tana shiga jakar goyo. Ta fi fistol na aljihu sauƙin saiti, domin ana riƙe ta da hannu biyu a jingina ta. Mata da tsofaffi da masu ƙaramin jiki suna cewa ta fi musu dogon AR-15 sauƙin ɗauka. A wasu jihohi lasisin yawo da fistol yana ba mutum damar ajiye ta da harsashi a mota, abin da ba a yarda a yi da bindigar kafaɗa ba. Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kusan kashi 72 cikin 100 na masu bindiga a Amurka suna kawo kare kai a matsayin babban dalilinsu, kuma da sunan tsaron gida ake tallar wannan bindigar.

Akwai kuma kwaikwayon soja. Doguwar M16 ta zamanin yaƙin Biyetnam bututunta inci 20 ne. M4 da ta gaje ta inci 14 da rabi. Dakarun musamman da suka riƙa kutsawa gidaje a Iraƙi da Afganistan sun yi amfani da Mk 18 mai inci 10 da ɗoriya. Hotunansu sun cika fina-finai da wasannin kwamfuta, matashin da ya tashi yana kallonsu kuma ya girma yana son riƙe irin abin da ya gani.

Gajarta bututu tana kawo wata matsala, kuma a nan jan ɗigo ya shigo. Saitin ƙarfe na gargajiya yana buƙatar mai harbi ya daidaita abu uku a layi ɗaya: tsagar baya, tsinken gaba, da abin da ake bara. Idon mutum ba ya iya tsayawa sosai a kan nisa uku a lokaci guda, don haka ake koya wa mai harbi ya kafe ido a tsinken gaba ya bar abin harin ya yi dishi-dishi. Idan bindiga ta gajarta, tazarar tsaga da tsinke ta ragu, ƙaramin kuskure sai ya zama babba a nesa.

Madubin jan ɗigo bai damu da tsawon bindiga ba. A cikinsa akwai ƙaramar fitila da ke haska wani lanƙwasasshen gilashi mai shafi na musamman, wanda ke maido jan haske kaɗai zuwa ido ya bar sauran haske ya wuce. Mai dubawa yana ganin ɗigon kamar yana zaune can a jikin abin da yake kallo. Idanunsa biyu a buɗe suke, yana ganin abin da ke gefensa, ko kansa ya ɗan goce ɗigon yana nan kusa da inda harsashi zai sauka. Ba wani haske da ke fita ya sauka a jikin mutum kamar yadda ake nunawa a fim, wancan wata na'ura ce daban. Mai riƙe da bindigar ne kaɗai ke ganin ɗigon.

Dabarar ta tsufa. Howard Grubb, wani maƙerin madubin hangen taurari ɗan Ireland, ya yi rajistar saitin da ke maido haske tun 1900, jiragen yaƙi kuma sun yi amfani da irinsa. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fitar da na lantarki mai jan ɗigo a 1975, mafarauta da masu gasar harbi suka fara karɓarsa. A 1997 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin kwangila, madubin ya shiga hannun sojoji da sunan M68. A 2007 Aimpoint ya fitar da Micro T-1, ƙarami da tafin hannu ke rufewa, wanda batirinsa ɗaya ke iya kai awa 50,000, wato sama da shekara biyar a kunne. Trijicon ya biyo da RMR a 2009, wanda ƙanƙantarsa ta sa aka fara ɗora shi a kan fistol na ɗamara. Daga baya Holosun, da ake ƙerawa a Sin, ya karya farashi har talakan maharbi ya samu.

Game da wannan madubi babu abin zargi mai yawa. Dattijon da idonsa ya daina ganin tsinken gaba ya dawo yana harbi daidai. Ɗan sandan da ke fuskantar mutum a cikin duhu yana iya barin idonsa a kan hannun mutumin, ya ga waya ce ya riƙe ko makami, a maimakon ya kafe ido a ƙarfen bindigarsa. Shi ya sa rundunonin 'yan sanda da dama a Amurka suka amince jami'ansu su sa shi. Yana da nasa rauni: batiri na mutuwa, ruwa ko ƙura na rufe gilashi, masu wata larurar ido kan ga ɗigon ya barbaje, sabon shiga kuma kan ɗaga fistol ya rasa inda ɗigon ya shiga sai ya yi ta atisaye. Amma na'urar da ke rage kuskuren harbi ba ita ce ke buƙatar sabuwar doka ba.

Bindigar da ke ƙarƙashinsa ce abin dubawa. Harsashinta na 5.56 an tsara shi ne don dogon bututu, inda yake fita da gudun sama da mita 900 a daƙiƙa. A bututu mai inci 10 gudun yana sauka zuwa wajen mita 800, sauran albarushin da bai ƙone ba ya fashe a baki da wuta da ƙara mai iya lalata ji, musamman a cikin ɗaki. Masu sukar ta daga cikin maharba kansu suna kawo wannan. To amma mita 800 ɗin ma ya ninka gudun harsashin fistol mai milimita 9, kuma yana huda rigar sulke mai laushi da 'yan sandan sintiri ke sawa a ƙarƙashin kaki. Ga ƙarfin bindigar yaƙi, ga girman da ke shiga jakar ɗan makaranta. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce ainihin abin da 'yan majalisar 1934 suka ji tsoro.

An ga hakan a aikace. Ranar 4 ga Agustan 2019 a Dayton ta jihar Ohio, wani ya buɗe wuta a unguwar shaƙatawa da irin wannan fistol mai matallafi da gidan harsashi mai cin 100. 'Yan sanda suna kusa, sun harbe shi cikin kusan daƙiƙa 30, amma kafin nan mutum 9 sun tafi. Ranar 22 ga Maris 2021 a Boulder ta jihar Colorado, wani ya shiga kantin King Soopers da Ruger AR-556 da aka sayar masa a matsayin fistol kwana shida kafin ranar. Ya kashe mutum 10, ciki har da Eric Talley, ɗan sanda mai 'ya'ya bakwai da ya fara isa wurin. A Maris 2023 an sami irinta cikin makaman da aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku da su a makarantar Covenant ta Nashville.

Adalci ya sa a faɗi cewa waɗannan ƙalilan ne a cikin miliyoyin da ke hannun mutanen da ba su taɓa cutar da kowa ba. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, fiye da rabi waɗanda suka kashe kansu ne, mafi yawan kisan kai kuma da fistol na aljihu ake yin sa. Duk wanda ya ce hana wannan bindigar zai magance zubar jinin Amurka bai faɗi gaskiya ba. Amma ƙarancin aukuwar abu ba ya wanke dokar da ta kasa bambance makami da suna.

Talla ma ba ta taimaka ba. Draco, gajeriyar AK da ake ƙerawa a Romaniya kamfanin Century Arms ke shigo da ita a matsayin fistol, ta yi suna ne a bakin mawaƙan rap da bidiyoyinsu. A wasan Call of Duty jan ɗigo na daga cikin ladan farko da yaro ke samu idan ya ci maki. Takardun da suka fito daga ƙarar da iyayen yaran da aka kashe a makarantar Sandy Hook suka kai kamfanin Remington sun nuna kamfanin ya nemi a sa bindigarsa a wasan don jan matasa, kuma a 2022 masu inshorar kamfanin suka amince da biyan iyalan dala miliyan 73. Masana'antar da ke cewa matallafin na nakasassu ne ita ce kuma ke yaɗa hotunan ƙarti masu lafiya sun danna shi a kafaɗa.

Gwamnati ta yi ta kwan-gaba kwan-baya. A 2015 ATF ta ce jingina matallafin a kafaɗa ya sauya bindigar. A 2017 ta sassauta. Bayan Boulder, Shugaba Joe Biden ya ba da umarni, a Janairun 2023 aka fitar da ƙa'idar da ta mai da mafi yawan waɗannan fistol gajerun bindigogin kafaɗa. An ba masu su zuwa ƙarshen Mayu su yi rajista kyauta, ko su cire matallafin, ko su sa dogon bututu, ko su miƙa bindigar. Wajen mutum 255,000 kaɗai suka nemi rajista. Ƙararraki suka yi yawa, a Yunin 2024 Alƙali Reed O'Connor na wata kotun tarayya a Texas ya soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukumar ba ta bi matakan da doka ta shimfiɗa ba wajen yin ta. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da ta mai da harajin dala 200 na gajerun bindigogin kafaɗa sifiri daga Janairun 2026, ko da yake rajistar tana nan.

Masu bindigar suna da ƙorafi na gaskiya. Mutumin da ya sayi kaya da amincewar hukuma a rubuce bai kamata ya wayi gari mai laifin ɗaurin shekara 10 ba don wani ofishi ya sauya ra'ayi. Hukunci mai nauyi irin wannan aikin 'yan majalisa ne da jama'a suka zaɓa, kuma sun shekara fiye da goma suna kauce masa suna barin hukuma da alƙalai na jifan juna. Abin da ya dace shi ne majalisa ta sake rubuta sashen tun daga tushe, ta auna makami da abubuwa uku: ƙarfin harsashinsa, yawan abin da yake ɗauka, da sauƙin ɓoye shi. Duk wanda ya haɗa ukun ya shiga rajista, ko da gindi ko da roba ko ba komai. Tunda an cire harajin, hujjar cewa rajista tana hana talaka ta faɗi. Nakasasshen da aka ƙirƙiri matallafin dominsa a ba shi hanya mai sauƙi, waɗanda suka riga suka saya a ba su wa'adi mai tsawo ba barazana.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2023 ya nuna yawancin bindigogin da ke hannun 'yan daban Haiti daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta Florida. Abin da ya yi sauƙin saye a shago kuma ya yi sauƙin ɓoyewa a cikin kaya yana da sauƙin tsallaka iyaka.

A Nijeriya ma muhawarar ba talakawa bindiga ba ta mutu ba, kuma mai jin zafin 'yan bindiga a Zamfara ko Katsina ba za a zarge shi don ya nemi abin kare iyalinsa ba. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Dokar bindigogi da ake aiki da ita ta 1959 ce, an rubuta ta kafin irin waɗannan makamai su shiga kasuwar farar hula a ko'ina. A Yulin 2024 hukumar kwastan ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar Onne, an ɓoye su cikin ƙofofi da kayan ɗaki daga Turkiyya. Masu kawo misalin Amurka a wannan muhawara sukan ambaci 'yancin riƙe bindiga su tsaya nan. Idan 'yan majalisa a Abuja suka zauna gyaran dokar 1959, ya kamata su ɗauki labarin matallafin Bosco tun daga wasiƙar 2012 har hukuncin 2024, su rubuta rabe-raben makamai bisa ƙarfi da sauƙin ɓoyewa, su kuma tanadi rajista da ma'aikatan da za su riƙe ta kafin a ba kowa lasisi ɗaya.